Saurayina Ne Lauyan Wanda Ya Kai Baba Ƙara

Jama'a, ku gyara zama. Masu cika mini waya da "Auta, ina labarin Lauya?" yau ga shi na kawo muku, kuma wanda ya yi mini dariya Allah ya nuna masa irin tasa ranar.

Saboda sababbin shigowa, ni ce auta a gidanmu, sunan ya bi ni har makarantar yaran da nake koyarwa. Babana gyaran keken ɗinki yake yi a wani dogon layin shaguna da ke bakin titi, kuma bana 'yan layin suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu. Mutum ne mai magana ɗaya. In ya ce a'a, ko Umma sai ta yi kwana da kwanaki tana lallaɓa shi. Muna zaune da yayarsa, Goggo, wadda ita kaɗai ce a duniya take iya ce masa "kai, rufe mini baki" ya kuma rufe. Shi kuwa Lauya, saurayin nawa, dogo ne siriri mai gilashi, ba ya iya shan shayi bai ɗiga a gaban riga ba. Ɗaukar 'yar yayarsa ya zo yi a makarantarmu, ya ɗauki yarinya ya bar hankalinsa a ajinmu. Magana ta yi nisa, har Baba ya ce iyayensa su zo ƙarshen wata.

Ana cikin haka wuta ta tashi a layin su Baba da tsakar rana. Daga shagon mai katifa ta fara, ta cinye katifun tas, ta haɗa da rumfar gaban shagon. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Shagon da ke manne da shi na wani mai walda ne, don haka kafin hayaƙi ya kwanta kowa ya gama sanin mai laifi. Da yamma 'yan ƙungiya suka taru a shagon Baba, suka yanke cewa a rufe shagon mai walda, ya bar layin. Baba da hannunsa ya danna kwaɗon. Mai walda ba ya wurin, kuma babu wanda ya aika a kira shi.

Ni duk wannan labari ne nake ji a tsakar gida, ina ta lissafin kalar labulen da zan sa a ɗakina. Sai wata Talata Baba ya dawo tun kafin la'asar, abin da ba ya yi. Ina zaune a falo ina duba aikin yara, ya ajiye mini takarda a kan cinya.

"Karanta mini sunan da ke can ƙasa."

Na karanta sama tukuna. Sammaci ne, mai walda ya kai ƙungiya ƙara, ga sunan Baba a matsayin shugaba. Na gangaro ƙasa inda lauyan mai ƙara ya sa hannu. Wallahi sai da na goge idona na sake dubawa. Ni da na san wannan sa hannun, mai wata doguwar jela a ƙarshe, a jikin kowane katin da ya taɓa ba ni!

"Baba, ƙila suna ne ya zo ɗaya."

"Har ofishin ma ya zo ɗaya?" Ya cire hularsa ya ajiye a hannun kujera. "Ki gaya masa iyayensa su sha zamansu. Na gama magana."

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Malam, a bi a hankali mana."

"Shi ya bi a hankali? Yaron da ya zauna a kan kujerar nan ya sha shayina?"

"Ya zubar da rabi dai," in ji Goggo daga kan darduma. Babu wanda ya yi dariya.

Na shige ɗaki na rufo ƙofa, na rubuta wa Lauya: "Da gaske kai ne?"

Amsa ta shigo nan take, alamar yana riƙe da wayar yana jira. "Ni ne. Na so in riga takardar zuwa, ma'aikacin kotu ya riga ni. Gobe in an tashi ina ƙofar makarantarku."

"Kada ka zo."

"To."

Ku ji fa, "to" kawai! Na kwanta ina kallon rufin ɗaki ina cewa a raina, wato ba ma zai roƙa ba. Washegari sai da na canza mayafi har sau nawa kafin in fita, ni da na ce kada ya zo.

Ya zo. Yana tsaye a gindin bishiyar da ke bakin ƙofa, jakarsa a hammata, takalminsa duk ƙura. Na wuce shi kamar ban gan shi ba, ya biyo ni a baya har inda ake jiran mota.

"Auta, ki yi mini faɗan, na fi gane shi da shirun nan."

Na juyo. "Duk lauyoyin garin nan sun ƙare ne? Sai kai? Sai babana?"

Ya ce lokacin da mutumin ya shigo ofishinsu, ƙungiya ya ce zai kai ƙara, bai ambaci sunan kowa ba. Sai da aka zo rubuta takarda sunan Baba ya fito. A take ya gaya wa mai walda abin da ke tsakaninmu, ya ce zai haɗa shi da wani lauyan. Mutumin ya ce ya zaga ofisoshi kafin ya iso nan, duk wanda ya ji an ce wuta da walda sai ya ce masa ai kai ne, je ka ba da haƙuri. Ya ce Lauya ne kaɗai ya bari ya kai ƙarshen maganarsa, don haka ko surukin shugaban ne shi yake so.

"To shi ya tayar da wutar ko ba shi ba?"

"Ban sani ba. Ba kuma ita muka kai kotu ba. Abin da muka kai shi ne an yanke masa hukunci ba a ji ta bakinsa ba, an kulle masa kayan sana'a. Kundin tsarin mulki ya ce kowa yana da haƙƙin a saurare shi kafin a hukunta shi."

"Kundin tsarin mulki ai na manya ne, na masu rigimar zaɓe a rediyo. Me ya haɗa shi da kwaɗon Baba?"

"Su manyan suna da masu sauraronsu ko babu kundi. Mai walda ne ba shi da kowa sai shi."

Amsar tasa ta ƙara ba ni haushi. Sai na sauya salo, na kwantar da murya, na ce to ya gaya mini me mutumin ya faɗa masa, ni kaɗai, ba zan gaya wa kowa ba. Ya girgiza kai, wai maganar wanda yake karewa amana ce, ko mahaifiyarsa ba zai gaya wa ba.

"Ko don ni ba za ka janye ba?"

Ya cire gilashin ya goge da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa. "In na yar da shi yau saboda ya zame mini nauyi, ke da wace zuciya za ki zauna da ni? Kullum kina jiran ranar da ke ma za ki yi nauyi."

Mota ta zo na shige ban yi masa sallama ba. Na yi kuka a motar, har wata tsohuwa ta miƙo mini hankici tana tambaya ko rasuwa aka yi.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin, shi a ganinsa ladabi ya je yi. Ya tafi shagon Baba don ya gaishe shi ya ba da haƙuri. Baba ya ga dama ta samu, ya ture keken da yake kwancewa, ya ce yawwa, zauna in faɗa maka yadda wutar nan ta tashi. Sai bawan Allah ya durƙusa ya ce, "Baba, ka gafarce ni, ba zan iya jin maganar shari'ar daga bakinka ba sai lauyan ƙungiya yana wurin. Duk abin da ka faɗa mini zai iya zama hujja a kanka, ni kuma ba na so in cuce ka."

A ƙa'idar aikinsu wai kare Baba yake yi. A kunnen Baba kuwa babu rainin da ya kai wannan. Ranar ko abinci bai ci ba, yana ta zagaye tsakar gida.

"Ni zai ce wa sai da lauyana! Ni! Ina magana yaro ya toshe mini baki da doka!"

"Ka ga yadda ake ji ke nan in an hana mutum magana," in ji Goggo tana tsince shinkafa. Baba ya yi kamar bai ji ba, ya shige ɗaki.

Daga nan gidan ya yi mini zafi. Yayyena mata suka dinga kira ɗaya bayan ɗaya, kowacce da nata wa'azin, wai namiji bai ƙare ba, wai wanda ya maka uba a kotu tun kafin aure me zai yi bayan aure. Umma ba ta ce in rabu da shi ba, ba ta kuma ce in riƙe shi ba, sai dai ta riƙa tura mini aiki don kada in zauna in yi tunani. Lauya kuma kullum da safe saƙo ɗaya: "Ina kwana. Ki karya kafin ki fita." Ba na amsawa, amma in ya makara sai in kasa shan shayin.

Ranar shari'a Baba ya ce kada wanda ya bi shi. Yana fita Goggo ta ɗauko jakarta ta ce, "Tashi mu je, ni ban taɓa ganin ƙanena yana amsa tambaya ba, ba zan mutu ban gani ba." Na zura wani ƙaton hijabin Umma mai ruwan toka da ya rufe ni har ƙafa, muka zauna a bencin ƙarshe.

Ɗakin kotun bai kai yadda nake zato ba. Benci ne na katako, fanka ɗaya tana juyawa da ƙara, tagogi a buɗe ana jin masu talla a waje. Mai shari'ar mace ce, dattijuwa, tana duban mutane ta saman gilashi. 'Yan layi sun cika gefe ɗaya. A ɗaya gefen mai walda ne shi kaɗai da matarsa, hannayensa duk tabon ƙuna. Ga Lauya cikin baƙar rigar aiki, gumi na bin wuyansa. Ban taɓa ganinsa a cikinta ba, kuma kada ku tambaye ni, eh, ta yi masa kyau.

Aka kira Baba ya yi rantsuwa. Lauyan ƙungiya ya gama yi masa nasa tambayoyin, Lauya ya miƙe. Ya gyara gilashinsa, takarda a hannu.

"Baba, ina wuni."

Kotu ta ɗauki dariya. Mai shari'a ta ɗago. "Lauya, a nan sunansa shaida."

"A gafarce ni, ya mai shari'a." Ya juya wajen Baba. "Shaida, kai ka sa kwaɗo a shagon wannan mutumin?"

"Ni na sa."

"Kafin ka sa, an kira shi zaman da aka yi?"

Lauyan ƙungiya yana ta yi wa Baba ido. Da Baba ya ce an aika ba a same shi ba, babu mai ƙaryata shi, duk 'yan layin nasa ne. Amma Babana ko a cinikin allura ba ya ƙarya.

"Ba a kira shi ba."

"Me ya sa?"

"Kowa ya ga wutar."

"Kai ka ga lokacin da ta tashi?"

Baba ya gyara tsayuwa. "Ina masallaci."

"A cikin waɗanda suka zauna, akwai wanda ya ce ya ga tartsatsi ya faɗa kan katifa da idonsa?"

"Babu."

"Da an kira shi, ka san abin da zai ce?"

"Ina zan sani, tunda ban tambaye shi ba?"

Baba na rufe baki na ga ya ji abin da ya faɗa. Ya juya ya dubi mai walda, ina jin karon farko ke nan tun ranar wutar. Lauya ya tsaya da sauran tambayoyi cike da takarda, ya dube su, ya ninke takardar ya ce ba shi da sauran tambaya. Goggo ta matse mini hannu ta raɗa mini, "Yaron nan ya raga masa."

Mai shari'a ba ta ja dogon bayani ba. Ta ce ita ba ta ce mai walda ya tayar da wuta ba, ba ta kuma ce ba shi ba ne, wannan ba ya gabanta. Ta ce ƙungiya tana da ikon tsawata wa 'ya'yanta, amma tsarin mulki bai yarda a hukunta mutum ba a saurare shi ba, ko a babbar kotu ko a kan bencin shago. Hukuncin da aka yi a bayan idonsa bai tsaya ba. A buɗe masa shago a ranar, in ƙungiya na da magana ta sake zama, ta kira shi, ta bar shi ya faɗi nasa.

Muka bi su a baya har layin, muka laɓe a shagon wata tela da ke tsallaken titi. Baba ya ciro mabuɗi daga aljihu ya buɗe kwaɗon, mutane sun yi cirko-cirko. Mai walda ya durƙusa ya ce, "Na gode, shugaba." Ya tura ƙofar. Ga ƙofofin mutane da tagogi jingine, aikin da ya karɓa bai gama ba. A jikin ƙusa kusa da ƙofa kuma ga wata 'yar jakar makaranta ja, ta 'yarsa, da ta bari a shagon ranar wutar. Matar ta sa hannu ta ɗauke ta tana karkaɗe ƙura, ta ce duk makonnin nan a leda yarinyar take zuba littattafan aro. Ba da faɗa ta faɗa ba. Baba ya tsaya yana kallon jakar, kwaɗon na hannunsa, har sai da mai katifa ya taɓa shi.

Kwanaki Baba bai ce uffan ba. Ya fita, ya dawo, ya ci abinci kaɗan, ya kunna rediyo ba ya saurare. Ni kuwa na gama sallamawa. Na ce mutumin da aka kayar a gaban 'yan layinsa, ta ina zai ba wanda ya kayar da shi 'ya? Tausayin Baba ya hana ni jin daɗin gaskiyar Lauya, son Lauya ya hana ni taya Baba fushi. Na rame har siket ɗina yana juyawa.

Ranar Asabar bayan la'asar ina wanke-wanke Baba ya tsaya a kaina. "Kira shi. Ki ce ina nemansa yanzu."

Kumfa a hannuna na rubuta: "Baba na kiranka. Yanzu." Ya amso: "In sa rigar aiki ko ta gida?" Na ce, "Ka sa wadda za a iya korarka a cikinta."

Ya zo cikin farar riga, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a bakin kafet. Umma da Goggo na gefe. Ni ina bayan labulen ɗakinmu, na kasa kunne.

Baba ya gyara murya. "Na riga na yanke maka hukunci tun ranar da takardar nan ta shigo gidan nan. An ce mana irin wannan hukuncin ba ya tsayawa. To na warware shi. Yi magana, ina ji."

Lauya ya ce yana ba da haƙuri a kan ɓacin ran da ya jawo, da maganar da ya yi a shago wadda ta fito ba yadda ya nufa ba. Ya ce bai taɓa jin nauyin aikinsa ba irin ranar da ya tsaya a gaban Baba.

"Da za a sake, za ka karɓi shari'ar?"

Na rufe ido ina roƙon Allah ya sa ya yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa.

"Zan karɓa, Baba."

Umma ta sunkuyar da kai. Na ce shi ke nan, ya kashe mu. Can sai na ji Baba ya ce, "Ke mai tsayuwa bayan labule, ƙafafunki a waje suke. Fito."

Na fito kamar wadda aka tsamo daga ruwa, na durƙusa kusa da Umma.

"Na rufe shagon mutum ban tambaye shi ba, na sha kunya a gaban jama'a," in ji Baba. "Na dawo gida na ga tun farko haka na yi miki. Kowa ya yi magana a kan auren nan, ni, da yayyenki, da Goggonki da ba a tambaye ta ba. Ke me kika ce?"

Jama'a, ni da nake cika muku waya da surutu, bakina ya ƙi buɗuwa. A gidanmu ba a taɓa yin wannan maganar a gaban Baba ba, yayyena duk ta bakin Umma aka ji nasu. Na dubi Umma, ta kawar da kai. Na dubi Goggo, ta ɗaga mini gira. Ban dubi Lauya ba, amma ina jin yadda ya daina numfashi.

"Baba, ranar kotu ina bencin baya. Na ji tausayinka har na yi kuka. Amma ina son sa. Da ya janye saboda ni, da ban sani ba ko zan ci gaba da son sa."

Baba ya dube ni. Idonsa ya kaɗa, ya yi sauri ya juya wajen Umma. "Kin ji 'yarki ko? Ko kunya."

"Kai ka tambaye ta," in ji Umma.

Ya ɗauki hularsa ya sa, ya miƙe kamar mai shirin fita masallaci alhali lokaci bai yi ba. Sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ka ce wa iyayenka ƙarshen watan yana nan. Amma kai ma ka biyo su, ka kuma zo da shiri. Ka yi mini tambayoyinka a gaban jama'a na amsa. Saura nawa, kuma a falon nan babu mai shari'ar da za ta cece ka."